Yadda Inna Ta Raba Mana Fistan

Kun taso kun tarar ana faɗa a gidan nan cewa ni na kashe motar Yaya Dikko. Kun ji a wurin suna, kun ji a wurin biki, har akwai wadda a cikinku ta yi wata uku ba ta gaida gwaggonta, saboda gwaggon ta ce ubanku ya yi shekara ashirin da bakwai yana yawon duniya ya dawo bai iya ɗaura injin gidansu ba. Ban taɓa tanka wa kowa ba. Yanzu Inna ta rasu, Yaya ma ya bi ta, Allah ya jiƙansu da rahama, ba sauran wanda maganar za ta kunyata sai ni, ni kuwa na riga na saba. Saboda haka ga yadda aka yi.

Shekarar da na dawo gida ina da hamsin da biyu. Na yi kanikanci a Kumasi, na yi a Abijan, na yi a Sabha cikin Libiya ƙarƙashin wani tsohon Ba'italiye, na ƙare a Fot Sudan ina gyaran motocin tashar jirgin ruwa. Na dawo da akwatin sifanu, da ciwon baya, da harsuna biyar ban da namu, da niyya ɗaya: in buɗe gareji a bakin titin Tambuwal in zauna kusa da uwata. Kowace ƙasa da yadda take gwada baƙon bakanike. A Kumasi sai su ajiye maka mataccen inji su tafi cin abinci, in sun dawo su ga abin da ka yi. A Abijan takarda suke tambaya, ko da ba ka san inda ake zuba baƙin mai ba. Ba'italiyen nan faratana kawai ya duba ya ce in zo gobe. A Tambuwal ba wanda zai tambaye ka komai. Za a yi maka barka da zuwa, a kawo maka fura, a zauna a ga abin da za ka yi da motar gidanku. In ta tashi, kowa ya kawo tasa. In ba ta tashi ba, za a ci gaba da gaishe ka da mutunci har ka mutu, amma ko keke ba za a ba ka gyara ba.

Motar gidanmu tsohuwar a-kori-kura ce mai silinda huɗu, ta Yaya Dikko, wadda yake kwaso dawa da shinkafa da ita daga gonakinmu na wajen Fakku, ya biyo ta Kebbe zuwa kasuwar Tambuwal. Yaya ya girme ni da shekara tara. Mutumin shanu ne tun ƙuruciya. In ya shafa bayan sa sau ɗaya zai gaya maka abin da ya ci jiya. Mota kuwa bai taɓa yarda cewa ba dabba ba ce. In ta yi tari ya ce sanyi ne, in ta ƙi tashi ya ce zuciya ta yi. Lokacin da na iso ta yi wata biyu kwance gindin darbejiyar ƙofar gida, kaji na ƙwai a kujerar direba. Mai kula da ita duk shekarun nan Labbo Bakanike ne, mutum mai fara'a wanda ya san magani ɗaya tak: duk sanda inji ya yi zafi ya ƙona gaskit, takardar nan da ke tsakanin kan inji da jikinsa, sai ya kwance kan injin ya kai Sakkwato a kankare masa fuska. Na tambaye shi sau nawa aka yi hakan.

“Ni dai uku nika tunawa,” in ji shi. “Amma akwai wanda anka yi ina Makka.”

Dole in tsaya in bayyana muku abu ɗaya, in ba haka ba ba za ku gane wautar da aka tafka ba, da tawa da ta sauran. A cikin kowace silinda akwai fistan, wani curin ƙarfe kamar gwangwanin madara, yana hawa yana sauka. In ya sauka, iska da fetur su cika silindar. In ya hau, ya tura su duka cikin wani ɗan kwarmi da ke jikin kan injin, ya matse su, fulogi ya ba da wuta. Kanikanci na gaskiya yana wurin sanin yawan matsin nan. A ce mudu takwas da rabi ka danna cikin mudu ɗaya, shi ne ake cewa takwas da rabi bisa ɗaya. In ka ƙara matsi inji ya ƙara ƙarfi, amma sai da fetur mai kyau. Fetur marar kyau ba ya jiran fulogi. Da ya ji matsi ya yi yawa sai ya fashe da kansa kafin lokaci, ya daki fistan a ka yana cikin hawowa. Mu kuwa a hanyar Kebbe a kwalba ake sayen fetur, wani ja, wani kalar shayi, wani in ka sansana har da ƙamshin kananzir. Da irin wannan mai, in ka wuce takwas da rabi ka tsokano rigima. To duk kankarar da Labbo ya kai aka yi, kwarmin nan take ragewa, matsi na ƙaruwa, inji na ƙara zafi, shi kuma yana ƙara kaiwa a kankare.

Na aro babban sirinjin da Yaya ke yi wa shanu allura, na kifa kan injin a kan benci, na rufe kwarmin da gilashi na bar 'yar kafa a gefe, na riƙa ɗura kananzir ina ƙirga layukan jikin sirinjin. Mutanen majalisar ƙofar gida suka taso suka kewaye ni. Yaya ya ji daɗi ƙwarai; a ganinsa yau an sami wanda ya gane cewa allura motar ke buƙata. Kwarmin ya ci layi hamsin. Gaskit da ɗan filin da ke saman fistan, takwas. Silinda kanta ɗari biyar. Na zana lissafin a ƙasa da tsinke, washegari na hau mota zuwa Sakkwato wurin wani mai kayan gyara da ya san gidanmu, ya ba ni fistan uku in zo in gwada, faɗinsu ɗaya, kawunansu daban. Ɗaya kansa a shafe yake, zai ba ni tara da rabi da ɗoriya. Ɗaya da kwarmi a kansa kamar ƙaramin akushi, zai ba ni takwas da rabi, abin da nake nema daidai. Na ukun da tudu a kansa, wanda aka yi wa ƙasashen da fetur ɗinsu ke da kyau. A injinmu da aka kankare, goma sha ɗaya zai kai. Ban san abin da ya sa na karɓo shi ba. Ina jin so nake mutane su ga na san iri-iri ne.

A gidanmu ba a sayen abu, daga rago har turmi, sai Yaya ya ɗora masa hannu. Na jera su a tire na kai masa zaure bayan la'asar, majalisa cike. Bai ko kalli sauran biyun ba. Ya ɗauki mai tudun, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya shafa tudun da babban yatsa.

“Ga sa,” ya ce. “Wanga shi ad da tozo.”

“Haka na, Yaya. Sai dai injinmu ba shi ɗaukar shi. Wanga mai kwarmin nika so.”

Ya ɗauki nawa, ya leƙa cikinsa, ya miƙa wa na kusa da shi.

“Wa yac ci rabinai? Sambo, an cuce ka. Sun ga ka daɗe ba ka gida, sunka ba ka akushi.”

“Da gangan anka yi shi haka, Yaya. Don ya rage matsi.”

“Ya rage mi?”

“Ƙarhin dannawa.”

“Motar da ka ɗaukar buhu ashirin cikin rairayin Kebbe, ita za ka rage ma ƙarhi? Kai, jama'a, kun taɓa ganin wanda yaz zo kasuwa yac ce a ba shi san da ba shi da tozo don kada ya ja garma da yawa?”

Majalisa ta kwashe da dariya. Labbo, wanda ya fi kowa sanin cewa kankararsa ce ta jawo maganar, ya fi kowa dariya. Ni ne na taɓa gaya wa wani ɗan Labanan mai gareji a Abijan, da Faransanci, gaban leburorinsa, cewa bai san aikinsa ba. Ni ne na yi rabin yini ina musu da Ba'italiye da Larabcin da ni da shi duk aro muka yi. Amma gaban Yaya Dikko, a zauren ubanmu, iyakar abin da bakina ke iya haɗawa shi ne “haka na, sai dai”. Na sake zana lissafin a ƙasa. Ya jira na gama, ya ce rubutuna ya yi kyau, ya sa mai tozon a aljihu ya tafi masallaci da shi.

Kwana uku muna haka. Ba mu yi faɗa ba, mun dai daina cin tuwo a kwano ɗaya, kowa ya ce ba ya jin yunwa sai ɗayan ya tashi. Ta nan Inna ta gane. Ta haura tamanin a lokacin, idonta ya yi rauni, amma ba abin da ke wucewa a gidan ba ta ji ba. Ku da kuka san ta da tsufa ba ku san dokarta ba. Ubanmu ya rasu muna ƙanana, ita ta riƙe mu, kuma abu ɗaya ta tsaya a kai: kada ɗaya ya ce an fifita ɗaya. Ƙwai ɗaya da zare take raba shi. Goro a tsakiya. In ɗaya ya yi laifi, mu biyu ke shan bulala, don kada wanda ba a daka ba ya yi girman kai. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba saboda ɗan fari ne, Babba take ce masa. Ta aiko aka kira mu, muka durƙusa a ƙofar ɗakinta, shi da furfurarsa ni da tawa.

“Mi ah haɗa ku?”

Yaya ya fito da mai tozon daga aljihu, ni na miƙa mai kwarmin. Ta laluba su ɗaya bayan ɗaya.

“Guda nawa aka sa ma motar?”

“Fuɗu, Inna,” na ce.

“Fuɗu? A kan abu fuɗu kuka ƙin cin tuwona? Ni na ɗauka guda na. Babba ya sa biyu, kai ka sa biyu.”

“Inna, ba a raba shi. Sai su zan iri guda, nauyi guda, in ba haka ba...”

“Shanun noman Babba ƙarhinsu guda na?”

“A'a.”

“Ba su jan garma?”

“Suna ja, amma inji...”

“Sambo, shekara nawa ka yi ba ka nan?”

“Ashirin da bakwai, Inna.”

“To ka yi min shiru.”

Yaya ya ce hukuncin ya yi, ko da yake shi aka tauye. Da na koma Sakkwato na ce a ba ni biyu-biyu, mai kayan gyaran ya tambaye ni ko inji biyu nake haɗawa, kowanne rabi. Na ce na gwaji ne. Na nemi mafita ta ƙarshe. Na yi fatan tozon zai taɓa bawul, murfin ƙofar iskar silinda, in an ɗaura kan injin, don in haka ta faru ko Inna ba ta da ta cewa. Na ɗebo dunƙulen fura daga ƙwaryar mahaifiyarku, na manna a kan tozon, na ɗaura kan injin, na juya shi da hannu, na kwance na yanka furar in ga kaurin da ya rage. Akwai fili, kaɗan ne amma akwai. Mahaifiyarku ta tsaya tana kallona ina auna furarta da ma'aunin ƙarfe.

“Malam, ita ma motar ta fara shan fura, in riƙa dama da ita?”

Kada ku ce me ya sa ban sa nawa huɗu a ɓoye ba. Na yi tunanin. Amma Yaya ya shimfiɗa tabarma gaban injin tun daga ranar da na fara ɗauri, kamar yadda yake yi in saniya na naƙuda, ko alwala a nan ake kawo masa ruwa. Nasa biyun kuma a wurinsa suka kwana, da hannunsa ya miƙo mini su. Na yi iyakar dabarata. Na sa nasa a silinda ta farko da ta huɗu, nawa a tsakiya. Na ja wutar baya don kada ta yi saurin kamawa. Har na zauna na haɗa goma sha ɗaya da takwas da rabi na raba biyu, na ga ya ba ni tara da ɗoriya, na ce ai a Abijan wannan lamba ce mai kyau. Na san ƙarya nake yi wa kaina. Gidan da ya ci tuwo sau biyu da gidan da ya kwana da yunwa, ba a cewa kowa ya ci sau ɗaya.

Ranar da aka tada ta, rabin unguwa na nan. Ta tashi a bugu na biyu, na kuwa so a ce ba ta tashi ba. Bugun ƙarfi, bugun sanyi, bugun ƙarfi, bugun sanyi, kamar gurgun jaki yana sauri. Madubin gefe na kaɗawa, ƙofar baya na tafi, sifanar da na ajiye a kan bonet ta yi tafiya da kanta ta faɗo ƙasa. Labbo ya sa kunne.

“Injiniya, wagga rawa daga wace ƙasa ka kawo muna ita?”

Yaya bai kula shi ba. Ya dafa motar yana gyaɗa kai duk sanda bugun ƙarfi ya zo.

“Kun ji wanga? Nawa na. Mai nishin nan na bayanai, na Sambo na.”

Aka shiga aka gaya wa Inna mota ta tashi. Ta ce ta ji, kuma ta ji muryar kowa a ciki, haka take so.

Bayan kwana biyu muka tafi Fakku kwaso dawa, ni ke tuƙi, Yaya na gefe. Na yi shiri: na cika tanki da fetur mai kyau a gidan mai na Tambuwal, na riƙe jarka guda don dawowa. Da tafiya ba kaya ta kai mu lafiya, illa haƙoranmu da suka gaji. Duk ƙauyen da muka tsaya, Yaya sai ya sauko ya ba da labarin tozo, yadda ya zaɓe shi da hannunsa, yadda ƙanensa da ya zaga duniya ya so sa wa mota akushi. A Kebbe ya faɗa wa masu shayi, ya faɗa wa masu faci, ya faɗa wa wani ɗan sanda da bai tambaya ba. Muna cikin lodi a Fakku wani surukinsa ya zo yana kukan injin ban ruwansa ya tsaya, albasa na bushewa. Ina saman buhuna ina ɗaure igiya na hango jarkata na tafiya a kan wani mutum. Da na yi magana Yaya ya ce ai mai ko'ina akwai shi. A Kebbe muka sayi kwalba shida na wani abu kalar zoɓo.

Mun fito da buhu ashirin da biyu, da mutum bakwai a samansu, da akuya. Akwai wani wuri bayan Kebbe inda hanya ke gangarawa cikin rairayi sannan ta hau tudu. Ina sa giya ta biyu na ji abin da nake tsoro, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Duk wanda ya taɓa koyon kanikanci ya san in ka ji wannan ƙara ka ɗaga ƙafa.

“Yaya, sai mun tsaya a rage kaya.”

“A tsaya cikin rairayi? Ba ta wuta! Ba ka jin tozo ya kama aiki?”

Ga laifina na gaskiya, kuma ban taɓa musunsa ba. Na san abin da ƙarar ke nufi. Amma mutum bakwai na sama suna kirari, in na tsaya za mu kafe, a ce injin Sambo ya kasa tudun Kebbe. Na danna. Ta hau rabi, ta hau kashi biyu cikin uku, sai wani tsaki, sai hayaƙi fari da shuɗi ya turnuƙe mu ta ko'ina, har ta ƙarƙashin kujera. Akuyar ce ta fara dira. Shanu huɗu suka jawo mu zuwa ƙauye na gaba, washegari wata tifa ta ɗaure mu da igiya ta shigo da mu Tambuwal, kuma ranar kasuwa ce. Ban ga wanda bai ɗaga mini hannu ba.

Da sassafe na kwance kan injin kafin mutane su taru. Ta huɗu ce, ta Yaya. Wutar ta cinye tozon kaf, ta haƙa rami a wurinsa, ta huda tsakiya. Sauran ukun lafiyarsu lau. Na rufe su da buhu don kada ƙasa ta shiga, kamar yadda kowane bakanike ke yi, na shiga ƙarƙashi na turo ƙonannen waje. Kafin in fito an cika wurin. Labbo ya karɓe shi daga hannuna, ya goge baƙin man da gefen rigarsa, ya ɗaga sama yana leƙen rana ta ramin.

“Ga shi nan, jama'a. Akushi ya huje.”

Wani ya ce dama an faɗa. Wani ya ce a dai tabbatar. Labbo ya miƙa hannu zai ɗaga buhun. In ya ɗaga, ko makaho ya laluba zai ƙirga: masu kwarmi biyu lafiya, mai tozo ɗaya. Na kalli Yaya. Yana tsaye da sandarsa. Mutumin da ake tasowa daga Sanyinna a kira shi raba gardamar shanu, wanda ya baza labarin tozo daga nan har Fakku. Mutumin da ya zauna da Inna shekara ashirin da bakwai, ya yi mata jinya, ya yi mata rufin ɗaki, ni ina can ina koyon yadda ake zagi da Tonancin Kumasi. Garejina kuma yana ƙarƙashin buhun nan. Ɗagawa ɗaya, kowa ya san wa ya iya aiki. Na ɗora hannuna a kan buhun.

“Bar shi, Labbo, ƙasa za ta shiga. Wanda yah huje cikin nawa na.”

Aka yi ta salati. Yaya ya gyara murya, ya ce kowa na kuskure, yaro ne, ya daɗe cikin baƙin mutane. Ya ce shi ba zai bari ƙanensa ya kunyata ba. Don a nuna masa ba a riƙe shi a zuci ba, za a sayo irin na ƙanen, masu kwarmi, guda huɗu a sa, in ta mutu ta mutu, mota ba ta fi ɗan'uwa ba. Tsofaffi suka yi ta sa masa albarka, wani har da hawaye. Aka gaya wa Inna mun daidaita, ta ce in mun yarda da juna ba ruwanta. Na sa masu kwarmi huɗu, takwas da rabi bisa ɗaya, na mai da wutar wurinta. Motar nan ta yi shekara goma sha ɗaya tana hawan tudun Kebbe da man kwalba ba ta ƙona gaskit ko sau ɗaya ba. Duk garin suka ce albarkar haƙurin Dikko ce.

Garejin na buɗe shi. Na kafa rumfa, na rubuta allo da Hausa da Larabci. Wata biyar awaki ne kawai ke shigowa shan inuwa. Masu motoci su tsaya su gaishe ni da kyau, su tambayi bayana, su wuce wurin Labbo. Daga baya masu injin ban ruwa suka fara kawowa, su ma don Labbo ya ce ya fi ƙarfin ƙananan injuna ne. Da su na ciyar da ku, da su kuka yi karatu, ban raina ba. Amma mutumin da ya kwance injin tirela a Fot Sudan, a garinsu sunansa Sambo Mai Famfo.

Shekarar da aka sayar da motar, wata rana da hantsi ruwan sama ya tare Yaya a rumfata. Ya zauna kan benci yana jira ya ɗauke. Ƙonannen fistan ɗin yana nan, da shi nake danne takardun gaskit kada iska ta kwashe. Ya ɗauka, ya juya shi, ya kai shi wajen haske yana duba cikinsa ta ƙasa.

“Tana nan kuwa,” ya ce.

“Mi, Yaya?”

Ya nuna mini da farce. Zane biyu a tsaye, ɗaya a gicciye, an karta da ƙusa. Shaidar da muke yi wa shanunmu a cinya. Shekara goma sha ɗaya abin na hannuna ban taɓa leƙa wurin ba.

“Ranar da ka kawo su niy yi musu shaida, kada ka musanya min.”

“Ashe ka sani.”

“Tun Labbo na ɗaga shi sama nig gane ta.”

“To mi yah hana ka faɗi?”

“Ka riga ni magana. Ka ce naka na gaban mutane. In nac ce ba naka ba na, ka zama maƙaryaci. Ga ɓata mota, ga ƙarya? Ai ba ni yi ma ƙanena haka.”

“Shekara goma sha ɗaya, Yaya.”

“Ina ta jira ka janye maganarka, ba ka janye ba.”

Ruwan ya tsagaita. Ya mai da fistan ɗin kan takardun, ya ɗauki sandarsa, ya ce injin ban ruwan surukinsa ya sake tsayawa, in leƙa shi kafin azahar.